Faɗin Yatsu Biyu

Wani guntun baƙin zare ne ya fara ɗaukar idon Auta. Tana riƙe da ƙofar shago, Yaya da Mai Zane suna kiciniyar shigo da akwatin kwamfutar, sai ta hango shi ta gilashin gefe, ya leƙo daga bayan wayoyi, tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Ba ta tsaya a kansa ba. Warin ne ya ɗauke mata hankali, warin robar da ta narke ta huce.

"Ina tsakiyar aiki fa," in ji Mai Zane, tana karkaɗe hannayenta bayan sun dire akwatin a kan kanta. "Bene hawa bakwai, saura tagogi kawai hoton ya gama fita, sai allo ya yi baƙi. Na zaci wuta aka ɗauke. Ina ɗaga kai, ga fitila a kunne, ga hayaƙi siriri yana tashi ta saman akwatin."

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe," in ji Yaya. "Yanzu za a duba."

"Haƙuri ina da shi, lokaci ne ba ni da shi. Ran Litinin masu ginin za su zauna su ga hotunan nan, yau kuma Laraba." Ta juyo ta dubi Auta ta saman tabarau. "Ke kika haɗa, ko?"

Auta ta gyaɗa kai. Kamar kullum idan baƙo ya tsare ta da ido, ta mayar da nata idon ƙasa.

Mai Zane zanen gine-gine ne sana'arta. Tun kafin a haƙa harsashi take fitar wa mutane da hoton gidansu, har da inuwar itatuwa da hasken da zai faɗo ta taga. Kwamfutar ofis ba ta ɗaukar irin wannan aiki, shi ya sa ta sa aka haɗa mata wannan, da katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hotuna a cikinta, mafi ƙarfi da ya taɓa shigowa shagon. Kwana tara ke nan da ta ɗauke ta.

Yaya ya jawo mata kujera, ya shiga lallashi da bakin nan nasa da ke sayar da komai. Auta ta rungumi akwatin ta yi ɗakin baya.

Ɗakin baya dogo ne siriri. Teburin Auta yana kusa da ƙofar shiga, da farar fitila da shimfiɗar roba. Can ƙurya, gindin taga, kusa da ƙofar baya mai kukan nan da kowa ke tsaki a kanta, nan bencin Baba yake. Shi ya buɗe shagon shekara arba'in da wani abu da suka wuce, lokacin da rediyo da talabijin ne kawai ke lalacewa a duniya. Yanzu Yaya ke riƙe da shagon, kwamfutoci sun cinye kantoci, Auta kuma tun da ta dawo daga jami'a ita ke haɗawa. Baba sai ya rage da bencinsa, da tsofaffin abokan ciniki uku ko huɗu masu kawo fankar tebur da rediyon da 'ya'yansu suka gaji da cewa a jefar.

"Wa ya rasu?" in ji Baba, bai ɗago daga cikin rediyon da yake tono ba. "Na ji wari tun daga nan."

"Kwamfutar Mai Zane ce, Baba."

"Ɗan gatan nan? Mai fanka uku?" Ya yi 'yar dariya. "Shi kaɗai fanka uku. Ni da na haife ku guda ɗaya gare ni, ita ma sai na tura ta da tsinke."

Auta ta kwance notin gilashin ta jingine shi. Katin yana nan kwance a wurinsa, tsawonsa ya kusa kamu guda, nauyinsa kamar bulo. Ranar da ta fitar da shi daga kwali ta daɗe tana jujjuya shi a hannu. Abin da ke aikin kansa ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannun jariri ba. Duk sauran jikin an gina shi ne don kwashe zafi: bututun jan ƙarfe guda bakwai suna jan zafin daga tsakiya, siraran ƙarafa jere kamar haƙoran matsefi suna karɓa, fankoki uku suna hura iska ta ƙasa ta fice ta sama. Wutar da yake sha ta kai ta ƙaramin dutsen guga. Kuma duk wannan wuta ta filogi ɗaya take shiga, wanda bai fi kan babban yatsa ba.

Filogin ya narke. Gefensa na sama ya yi baƙi ya kumbura, ya manne da bakin katin.

Sannan ta ga wayar da ke kai wuta cikin filogin. Ranar da ta haɗa, ita ta bar ta ne a sake, ta yi baka mai faɗi, ta fito waje har gilashi ba zai rufu ba. Yanzu an karya ta daf da wuyan filogin, an kwantar da ita lif a jikin katin, an ɗaure a wuri uku. Ba da igiyar roba da kowa ke amfani da ita ba. Da baƙin zare mai kakin zuma, zagaye biyu, ƙulli a ɓoye ta ƙasa, tazara daidai kamar an auna da ma'auni. Ɗauri ne mai kyau ƙwarai. Mutum ɗaya ne a garin nan ya rage yana irinsa, kuma ga shi can gindin taga yana 'yar waƙarsa a hanci.

Ta kau da kai daga wajensa.

Bara ne Baba ya manta ƙarfen narka dalma a kan tsumma, har gefen bencin ya kama. Daga nan aka kai shi wurin likitan ido, likita ya faɗi abin da Baba ya daɗe yana ɓoyewa, cewa ganinsa ya ragu sosai. Da suka dawo Yaya ya durƙusa a gaban bencin, kansa a ƙasa, murya a sanyaye, amma ya faɗa: "Baba, rediyonka da fankokinka babu mai taɓa maka. Amma ranar da hannunka ya shiga kwamfutar mutane, da kaina zan kai bencin nan gida." Baba ya ce ya ji. Kowa kuma ya san abin da gida ke nufi. Tun rasuwar Umma gidan ba ya zaunuwa gare shi. Bakwai na safe yana bakin shago da makulli, ranar hutu ma sai ya ƙirƙiri abin da ya manta.

Ta ji muryar Yaya tana matsowa. Ba ta yi shawara da kowa ba, har da zuciyarta. Ta ɗauki ƙaramin almakashi ta datse ƙulli uku, ta zare zaren, ta tsince guntun da ya leƙo, ta dunƙule su ta cusa a aljihun rigar aiki. Kakin ya manne mata a yatsu.

Yaya ya shigo, Mai Zane tana bayansa. Ya sunkuya ya leƙa, ya ja iska ta haƙora.

"Injiniya," in ji shi. Haka yake kiranta in yana wasa, haka kuma in ransa ya ɓaci. "Mene ne wannan?"

"Filogin ne ya yi zafi."

"Ina da ido. Me ya sa ya yi zafi?"

Ta dubi shimfiɗar roba. Ranar da ta haɗa, ta ga akwatin ya yi wa katin kaɗan, wayar ba za ta sami sarari ba. Ta bar gilashin a jingine, ta manna 'yar takarda da fensir cewa kar a rufe, ta tafi wurin dila neman waya mai kai a lanƙwashe tun daga kamfani. Dila ya ce sai wani mako. Kafin ta dawo Mai Zane ta zo ta ɗauki kayanta. Da Auta ta dawo ta tambayi Yaya ko a buɗe aka ba wa matar, yana kan waya, ya gyaɗa kai, ita kuma ba ta tsaya ta tabbatar ko da ita yake ko da wanda ke cikin wayar ba. Sau biyu ta danna lambar Mai Zane don ta gargaɗe ta, sau biyu ta goge, tana cewa gobe. Don haka abin da ta faɗa ba ƙarya ba ne gaba ɗaya.

"Laifina ne, Yaya."

"To, madalla," in ji Mai Zane. "Aƙalla ba ta ce aljanu ba ne." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ƙanwata, ba ni da komai da ke. Amma Manaja, in za a sake haɗawa, wani hannun nake so."

Manaja sunan da Baba ya laƙaba wa Yaya ne, har ya bi shi. Yaya ya ce zai je wurin dila yanzu ya roƙi aron wani kati kafin kamfani ya duba wannan, kuma shi da kansa zai saka. Da ya raka ta ya dawo, bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi mata sauƙi.

"Shekara biyar kina karatu. Ni da ban yi ba, ban taɓa ƙona kayan mutane ba."

"Kai da ba ka taɓa haɗawa ba," in ji Baba daga ƙurya.

"Baba, don Allah." Ya juyo gare ta. "Daga yau ki koma kanta. Teburin nan zan nemo wanda zai zauna a kai. Ba don na ƙi ki ba, sunan shagon nake ji."

Ya ɗauki makullin mota ya fita.

Ta zauna a kan kujerarta ta tsura wa katin ido. Bayan wani lokaci ta ji ƙarar murfin filas.

"Auta, zo ki sha shayi. Kallo ba ya tayar da mataccen kati."

Ta je ta zauna a kan akwatin kayan aikinsa, inda take zama tun ƙafafunta ba sa kaiwa ƙasa. A nan ta koyi sunayen launukan waya kafin ta koyi karatu. A nan ya nuna mata yadda ake gane zafin na'ura da bayan hannu, ba da yatsa ba. Ya miƙo mata murfin filas, shi ya riƙe kofi.

"Kar ki sa a ranki. Manaja tafasar madara ne, yanzu zai sauka." Ya kurɓa. "Kuma ni na ce laifin masu ƙera abin ne. Ka gina ƙaton gida, ka yi masa ƙofa kamar ta akurki. Wutar dutsen guga ta wannan ɗan filogi? A zamaninmu wanda ya zana haka sai ya koma koyo."

"Haka ne, Baba."

Ya waiga wajen ƙofa, ya rage murya, fuskarsa ta yi haske irin na wanda ya daɗe yana riƙe da albishir.

"Bari in faɗa miki wani abu, amma tsakaninmu. Ranar nan da kika fita, na zo wucewa na ga aikinki. Auta, waya a waje, tana reto kamar hanjin akuya. Na ce yarinyar nan sauri ya ɗebe ta, in matar nan ta shigo ta ga haka, ai an gama raina mu. Na zauna na kimtsa miki ita tsaf. Da lalube na yi, amma ko da ido ba za a fi haka ba. Na rufe gilashi na goge." Ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Har wata 'yar takarda na samu a manne, rasit ne ko mene ne, na cire na jefa kwando. Kin ga da ban ɗaure ba, da wutar ta bi sakakkiyar wayar nan ta cinye akwatin duka."

Ta dubi hannayensa a jikin kofin, tabon dalma a kowane yatsa, farcen babban yatsa da ya daɗe da tsagewa. Kalmomin suna nan a bakinta, jere, kamar yadda ta rubuta su a jarrabawa. Ta haɗiye su tare da shayin.

"Baba, kar ka gaya wa Yaya."

"Ni? In rufa miki asiri kuma in tona? Ai ko Umma ce ta dawo ba za ta ji ba."

Alhamis da Juma'a ta yi su a kanta. Ta sayar da wayoyin caji, da linzamin kwamfuta, da batura. Wani ya tambaye ta ko akwai namijin da zai yi masa bayani, ta kira Yaya. Duk wanda ya turo ƙofa sai ta zaci wanda zai gaji teburinta ne. Daga inda take tana jin Baba a baya yana hira da rediyonsa, yana zaginsa a hankali, yana lallashinsa. Tana jin haka sai ta ce a ranta ta yi daidai. Sai kuma ta hango farar fitilar teburinta a kashe, ta rasa abin da ke mata daɗi.

Zaren yana nan a aljihunta. Ta kai shi bakin kwando sau uku tana fasawa. A hanyarsu ta komawa gida da yamma Baba yana riƙe da gwiwar hannunta wurin tsallaka titi, yana yi kamar shi ke tsallakar da ita, yana ba ta labarin ranar da ya ƙona talabijin ɗin wani alƙali yana ɗan koyo, da yadda maigidansa ya sa shi share shago wata guda. "Kowa da ranar ƙonawarsa," in ji shi. "Taki ta zo da wuri, shi ke nan." Ta ce to.

Ran Asabar da hantsi kwalin dila ya iso. Mai Zane ta riga shi zuwa, ta ce ƙafarta ƙafar kwamfutarta, ba za ta sake yarda a yi abu a bayan idonta ba. Yaya ya naɗe hannun riga ya shiga ɗakin baya, ya ce wa Auta ta tsare kanta. Babu kowa a shagon. Ta matso bakin ƙofar ɗakin ta tsaya, rabin jikinta a waje.

Yaya ya zazzage kwalin. Wata 'yar leda ta faɗo gefe, ya ture ta da bayan hannu. Auta ta gane ta, wayar da ta yi oda ce. Shi kuwa ya ɗauko miƙaƙƙiyar wayar da ke cikin kwalin katin. Ya cire tsohon katin da ƙyar, ya ajiye shi da ƙonanniyar wayarsa a gefen tebur, ya zura sabon har ya zauna. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Manaja, a hankali," in ji Baba. "Ba buhun siminti ba ne."

"Na iya, Baba."

Ya tura filogin, bai ko saurari ƙararsa ba. Ya ɗauko gilashi ya kara. Gilashi ya ƙi zama, wayar ta tokare shi. Ya ajiye, ya sa babban yatsa a wuyan filogin, ya fara danna wayar ƙasa.

Auta ta san abin da zai biyo baya kamar an nuna mata a allo: kwana tara, ko uku, ko daren Lahadi, hayaƙi siriri. Ta kuma san Baba yana gindin taga, kunnensa kuwa babu abin da ya same shi.

"Yaya, kar ka lanƙwasa."

Muryar ta fito ƙarama, amma ta fito. Duk suka juyo.

"Wa na bar wa kanta?" in ji Yaya.

"Zai sake ƙonewa."

"Bar ta ta yi magana," in ji Mai Zane. "Kwamfutata ce. Ƙanwata, me zai ƙone?"

Auta ta shigo. Ta ɗauki sabuwar wayar daga leda don ta sami abin kallo da ba fuskar mutum ba, ta juyo da bakin filogin wajen fitila.

"Kin ga ramukan nan, ranki ya daɗe? Goma sha biyu ne, shida a sama, shida a ƙasa. An raba wutar ne a tsakaninsu, kowanne ya ɗauki kaɗan. Sai an tura shi har ya ce ƙas, sannan duka suke kamawa. In aka karya wayar daf da wuyansa, tana janye na layi ɗaya baya. Ba a gani da ido, bai fi kaurin farce ba. Sai wasu su saki, biyu ko uku su ɗauki kayan kowa." Ta nuna katin da yatsa. "Fankokin nan katin suke hurawa, babu mai hura filogi. Yana ta zafi a hankali har robar ta narke. Shi ya sa ake barin faɗin yatsu biyu a miƙe kafin a lanƙwasa. In akwati ya yi kaɗan, sai a sa irin wannan, da aka lanƙwasa kanta tun daga kamfani."

Tunda take, ba ta taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban baƙo ba. Rediyon Baba ma, ta lura, an rage shi.

Yaya ya janye yatsansa daga kan wayar kamar ta ƙona shi. Ya dubi ledar, ya dube ta.

"Yaushe kika yi odar wannan?"

"Ranar da na haɗa."

"Wato tun ranar kin sani." Ya miƙe tsaye sosai. "To in kin san duk wannan, Injiniya, me ya sa kika lanƙwasa waccan?"

Hannunta ya tafi aljihu da kansa ya dafe shi.

"Tambayarki nake."

"Mantawa na yi."

"Mantawa. Kin yi odar waya don kar a lanƙwasa, sannan kin manta kin lanƙwasa."

"Manaja." Baba ne. Ya taso daga bencinsa, yana dafa gefen kantoci kamar yadda yake yi in yana so a zaci kaya yake dubawa. "Miƙo min tsohuwar in gani."

"Baba, ba yanzu ba."

"Miƙo min."

Yaya ya ɓamɓare ƙonanniyar wayar daga jikin tsohon katin ya miƙa masa. Baba bai kai ta kusa da ido ba. Ya riƙe ta a tafin hannu, babban yatsansa ya bi ta kan filogin, ya tsaya a gefen da ya kumbura, ya koma gefen da bai taɓu ba, ya sake dawowa. Sannan yatsan ya gangara kan wayar, inda ta karye ta ƙi miƙewa. Auta tana kallo. Ta cire zaren, amma ba ta goge kakin ba. Zobe uku ne a jikin baƙar robar, suna ɗan sheƙi, masu danƙo. Yatsan ya sami na farko ya tsaya. Ya sami na biyu. Ya sami na uku.

"Yatsu nawa kika ce, Auta?"

"Baba..."

"Nawa?"

"Biyu."

Ya jera yatsunsa biyu a bayan filogin, a hankali, yadda yake auna komai. Zoben kakin farko yana ƙarƙashin yatsan farko.

Ya daɗe a haka. Fuskarsa ba ta canza ba, sai dai bakinsa da ya ɗan motsa kamar yana lissafin wani abu. Sannan ya ɗago ya dubi wajen da take, ba daidai idonta ba, ɗan gefe kaɗan, yadda yake duban kowa tun bara. Ta so ta ce masa takardar ce ta yi ƙanƙanta, da fensir ta rubuta, laifinta ne da ba ta kira ba. Duka gaskiya ne, kuma ta san babu wanda zai karɓa a ciki.

Ya ajiye wayar a kan shimfiɗar roba, ya daidaita ta da gefen tebur.

"To wa zai saka min?" in ji Mai Zane, tana duban agogo. Ba ta ga komai ba sai tsoho yana shafa waya. "Manaja, ka yi haƙuri, na janye maganata. Ba wa yarinyar nan wuri."

Yaya ya matsa, har yanzu da tambayarsa a fuska. Auta ta zauna a kujerarta. Ta zare miƙaƙƙiyar wayar, ta saka mai lanƙwasasshen kai, ta tura har ta ce ƙas, ta haska fitila ta duba ko akwai sarari ko na gashi ɗaya. Babu. Duk wannan da rabin hankalinta take yi. Sauran rabin yana gindin taga.

Ta ji ya kashe rediyon. Ta ji ya zare ƙarfen dalma daga soket, yana naɗe wayarsa zagaye-zagaye, ba gaggawa. Ta ji ƙarar sukundirebobi suna komawa ramukansu ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Ya karkaɗe tsumma ya lulluɓe rediyon da bai gama ba. Baba bai taɓa lulluɓe aiki da hantsi ba.

Ta kara gilashin, ya zauna lif. Ta danna maɓalli. Fankoki uku suka motsa, suka ɗauki juyi, shiru kamar numfashin mai barci. Allo ya kawo haske. Mai Zane ta sauke ajiyar zuciya ta matso da kujera, ta fara neman beninta mai hawa bakwai.

Inuwa ta faɗo a kan teburin. Hannu mai tabon dalma ya ajiye wani abu kusa da ƙonanniyar wayar, daidai gaban Yaya: ƙwaryar baƙin zare, ta ci rabi, bakin zaren a soke cikin tsagar katakon yadda ba zai warware ba. Kusa da ita ya ajiye makullin shago.

Yaya ya dubi zaren. Ya dubi wayar, da zobe ukun da ke sheƙi a ƙarƙashin fitila. Ya sa yatsa ya taɓa ɗaya, ya murza yatsan da ɗan'uwansa. Sannan ya dubi Auta, ita kuma ta kasa ɗagowa.

"Ga shi nan, har tagogin," in ji Mai Zane. "Ku zo ku gani."

Babu wanda ya je. Baba ya ɗauki hularsa daga kan ƙusa, ya saƙale filas a hammata. Ƙofar baya tana kuka duk wanda ya taɓa ta, sai in an ɗan ɗaga ta a wani wuri da shi kaɗai ya sani. Ya ɗaga ta, ya fita, ya mayar da ita a hankali.